Tunkuyin Ruwa a Cikin Bututu: Dalilinsa, Ɓarnarsa da Hanyoyin Tsare Shi

Duk wanda ya zauna a gida mai famfo ya san wata ƙara da a kan ji cikin bango in an rufe kan famfo farat ɗaya, kamar an ƙwala wa bututun guduma. A cikin gida abin bai cika wuce ƙara da girgiza ba. Amma a manyan bututun da su ke kai ruwa birane, da waɗanda su ke gangaro da ruwa zuwa injunan lantarki, da na man fetur, da na tururi, wannan bugu ya kan tsaga ƙarfe mai kauri, ya kan raba gari da ruwan sha kwana da kwanaki, wani lokaci har ya kan ci rayuka. Turawan Ingila suna kiransa da suna mai ma'anar gudumar ruwa, Faransawa da Italiyawa kuwa suna ce masa tunkuyin rago. Sunan nan na biyu ya fi bayyana abin, gama rago ba ya tunkuyi sai ya taho da gudu ya sami abin da ya tare shi. Saboda haka a cikin wannan takarda za a kira shi tunkuyin ruwa.

Awon matsi da nauyi

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita bisa ma'auni. Ruwan da ke cikin bututu yana danna jikin bututun ta kowace fuska, wannan dannawa ita a ke kira matsi. Hanya mafi sauƙi ta auna matsi ita ce a faɗi zurfin ruwan da zai haifar da shi. In tanki yana bisa hasumiya mai tsawon mita 20, famfon da ke gindinta yana da matsin mita 20 ke nan. Iskar da ta lulluɓe duniya ita ma tana danna kome, matsinta a bakin teku ya yi daidai da na ruwa mai zurfin mita 10 da 'yan kai. Ruwan da a ke rabawa gidaje, inda ya ke zuwa sosai, galibi matsinsa tsakanin mita 20 ne da mita 60.

Abu na biyu shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bututu mai faɗin rabin mita, in tsawonsa ya kai kilomita 6, yana ɗauke da ruwa wajen tan 1,180. A ce ruwan nan yana tafiya mita ɗaya cikin sakan, watau bai ko kai saurin mutum mai tafiya kasuwa ba. Duk da haka wanda ya rufe bawul a bakin wannan bututu ya nemi tsai da kayan da ya kai nauyin jirgin ƙasa mai taragu barkatai. Abu mai nauyi in yana tafiya ba ya tsayawa sai da ƙarfi, in an so ya tsaya da wuri kuwa ƙarfin da a ke bukata sai ya daɗa yawa. Wannan bututu na kilomita 6 shi za a riƙe misali har ƙarshen takarda.

Asalin tunkuyi

Wanda ya taɓa tsayawa a tasha sa'ad da a ke haɗa taragun kaya ya ga cewa in kan jirgi ya tsaya kwatsam, taragun ba su tsayawa tare. Na farko ya tsaya, na biyu ya buge shi ya tsaya, na uku ya bugi na biyu, ƙarar ta bi jerin har wutsiya. Jirgin gaba ya ke tafiya, amma ƙarar baya ta ke gudu, gudunta kuwa ya fi na jirgin nesa ba kusa ba.

Haka ruwa ya ke yi. In an rufe bawul farat ɗaya, ruwan da ke jikin bawul ɗin shi kaɗai ya ke tsayawa nan take. Wanda ke bayansa bai sami labari ba, sai ya afko masa ya danne shi. A kan ce ruwa ba ya matsuwa, amma gaskiya yana matsuwa kaɗan ƙwarai: ƙarin matsin mita 10 yana rage girmansa da wajen kashi ɗaya cikin 20,000. Jikin bututun shi ma yana ɗan kumbura. Ɗan wurin da a ka samu ta waɗannan hanyoyi biyu shi ne ruwan baya ya ke shiga kafin ya tsaya. Tun da ya ke wurin ƙanƙane ne ainun, dole matsi ya hau ƙwarai kafin a same shi. Iyakar da ke tsakanin ruwan da ya tsaya da wanda bai tsaya ba tukuna tana gudu baya baya cikin bututun. Ita a ke kira taguwar matsi.

Gudun taguwar nan shi ne gudun sauti. A cikin ruwa sake sauti yana tafiya wajen mita 1,480 cikin sakan, fiye da ninki huɗu na gudunsa cikin iska. A cikin bututu gudun ya kan ragu gwargwadon laushin jikin bututun. A na ƙarfe ya kan kama daga mita 1,000 zuwa 1,300, a na roba irin PVC kuwa daga mita 300 zuwa 500.

Waɗanda su ka gano ƙa'idar

Mutanen dā sun san abin tun ba su san dalilinsa ba. Vitruvius, maginin Rumawa na ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi gargaɗi cikin littafinsa na gini cewa in za a saki ruwa cikin bututu a sake shi sannu a hankali, don kada ya fasa mahaɗai. Lissafin kuwa sai a ƙarni na 19 ya samu, kuma abin mamaki ta wajen likitoci a ka soma. Thomas Young na Ingila ya yi nazarin gudun bugun jini cikin jijiya a 1808. A 1878 Korteweg na Holan ya fitar da lissafin gudun taguwa cikin bututu mai miƙewa. A 1883 Johannes von Kries, masanin aikin jiki a Jamus, ya rubuta ƙa'idar da ta haɗa ƙarin matsi da canjin saurin ruwa. Bugun da a ke ji a wuyan hannu taguwar matsi ce, sai dai da ya ke jijiya tana da laushi, gudunta bai wuce mita 5 zuwa 10 cikin sakan ba a babbar jijiyar zuciya.

Injiniyoyi ba su lura da aikin von Kries ba. Wanda sunansa ya bi ƙa'idar shi ne Nikolai Zhukovsky (1847 zuwa 1921), shehun malami a Mosko, wanda Rashawa su ke ɗauka uban ilmin jirgin sama a ƙasarsu. Masu aikin ruwan Mosko suna son sanin iyakar saurin da za a bar ruwa ya yi cikin bututu ba tare da haɗari ba. A 1897 da 1898 Zhukovsky ya shugabanci gwaje-gwaje a gidan ruwa na Alekseyevskaya. A ka shimfiɗa dogayen bututu masu faɗin inci 2 da 4 da 6, a ka sa musu bawul mai rufuwa nan take, da ma'aunai masu zana matsi a takarda. Abin da ma'aunai su ka zana ya dace da lissafinsa. Ya kuma nuna cewa daga siffar zanen ana iya gane inda bututu ya ke yoyo, ko inda iska ta maƙale. Daga baya Lorenzo Allievi na Italiya ya faɗaɗa lissafin a 1902 da 1913, har ya game rufewar da a ka yi sannu sannu.

Ga ƙa'idar. A ɗauki gudun taguwa, a ninka shi da saurin ruwan da a ka tsayar, a raba da 9.8, wanda shi ne awon jan da ƙasa ke yi wa abubuwa. Abin da ya fito shi ne ƙarin matsi, a mita. A bututun misali, in gudun taguwa mita 1,200 ne, saurin ruwa mita ɗaya, ƙarin matsi mita 122 ne. In saurin ruwan mita 2 ne, ya zama mita 245. In da ma matsin wurin mita 50 ne, tsai da ruwa mai tafiyar mita ɗaya ya kai shi mita 172, watau ya ninka shi fiye da sau uku cikin ƙiftawar ido. In bututun na roba ne mai gudun taguwa mita 400, ƙarin mita 41 ne kawai, ko da ya ke roba ba ta da juriyar ƙarfe.

Mai karatu ya lura, tsawon bututu bai shiga lissafin nan ba. Gajeren bututu da dogo tunkuyinsu ɗaya ne in an rufe su nan take. Aikin tsawo dabam ne, shi ne ke yanka iyakar abin da za a kira nan take.

Kai da komowar taguwa

A ce bututun misali ya taso daga babban tanki ya ƙare a bawul. Taguwar da ta tashi daga bawul tana isa tanki cikin sakan 5. A wannan lokaci ruwan bututun duka ya tsaya cik, a matse, bututun a kumbure. Amma tanki a buɗe ya ke, matsinsa bai canja ba, saboda haka ruwan da ke matse sai ya soma komawa cikinsa. Wannan sassauci ya biyo bututun ya iso bawul bayan wasu sakan 5. Yanzu matsi ya koma yadda ya ke da, amma ruwan duka yana tafiya baya, yana guje wa bawul. Tun da bawul a rufe ya ke, ba ruwan da zai maye gurbin wanda ke tafiya, sai matsi ya faɗi ƙasa da na kullum gwargwadon yadda ya hau da fari. Taguwar ƙarancin matsi ta tafi tanki cikin sakan 5, ruwan tanki ya sake kwararowa, ya iso bawul cikin wasu 5, ya sake tunkuyinsa. Zagaye ɗaya sakan 20 ke nan. Haka zai yi ta yi, gogayyar ruwa da jikin bututu tana rage masa ƙarfi, har ya kwanta. Shi ya sa a kan ji bugu a jere, kowane bai kai na gabansa ba.

Muhimmin lokaci a nan shi ne sakan 10 ɗin da taguwa ta ke ɗauka ta je tanki ta komo. In an gama rufe bawul kafin su cika, ko cikin sakan ɗaya ko cikin tara, tunkuyin cikakke ne, gama sassauci bai iso ba. In rufewar ta fi haka daɗewa, sassaucin ya kan iso ya tarar ba a gama ba, ya rage hawan matsin. Jules Michaud na Suwizalan ya ba da lissafin wannan a 1878. Bisa ga lissafinsa, in a ka rage ruwan bututun misali daidai wa daida har ya tsaya cikin minti ɗaya, ƙarin matsi wajen mita 20 ne maimakon 122. Ga bututun gida mai tsawon mita 15 kai da komowar ba ta wuce kashi ɗaya cikin 40 na sakan ba, don haka famfo mai murɗawa bai cika yin ƙara ba. Famfo mai hannu wanda a ke rufewa da juyi guda, da bawul ɗin lantarki na injin wanki, su ne su ke kusantar wannan sauri. A bututun mai wanda ya yi kilomita 60, rufewar minti ɗaya da rabi ma nan take ce.

Rabuwar ruwa

Faɗuwar matsi ta kan fi hawansa haɗari. In matsin kullum mita 50 ne, lissafi ya ce zai faɗi da mita 122, amma ba zai iya ba. Da zarar ya sauka wajen mita 10 ƙasa da matsin iskar waje, ruwa ya kan tafasa ko da yana da sanyi, ya zama tururi. Sai a sami kogo a cikin bututun, ruwa ya rabu biyu. In ɓangarorin su ka komo su ka haɗu, tururin ya kan ɓace nan take, su yi karo ba abin da ya shiga tsakani. Tunkuyin wannan karo wani lokaci ya kan fi na farko. Galibi a kan tudu abin ya ke faruwa, inda bututu ya hau, gama can matsi ya fi ƙaranci.

Ɓarna biyu kuma ke biyo ƙarancin matsi. Bututu mai faɗi marar kauri iskar waje ta kan murƙushe shi kamar gwangwani. Haka ya faru a tashar lantarki ta Oigawa a Japan a 1950. Bawul ya rufe farat ɗaya saboda kuskure wajen aiki, tunkuyi ya tsaga babban bututun da ke gangaro da ruwa, ma'aikata uku su ka rasu. Ruwan da ya kwarara ta tsagar ya bar ƙarancin matsi a sama, har wani sashe mai tsawo na bututun ya lotsa ciki. Ɓarna ta biyu ba a ganinta da ido. Mahaɗar da ta ke yoyo, in matsi ya faɗi, sai ta koma tsotsa. In bututun ya ratsa kwata ko kusa da masai, ƙazantar wurin ita zai tsotsa ya kai gidajen mutane, ta nan kuwa ƙwayoyin kwalara da taifot su kan sami hanya.

Abin da ya fi jawo wannan shi ne tsayawar injin tura ruwa sa'ad da wuta ta ɗauke. Injin ya tsaya, ruwan da ke gaba ya ci gaba da tafiya, matsi ya faɗi a bakin injin. In gudunsa ya ƙare ya juyo, sai ya rufe bawul mai hana komowa da ƙarfi. Wannan ya shafi garuruwan Nijeriya ta Arewa da na Nijar ƙwarai, gama galibin ruwansu da inji a ke turo shi daga kogi ko madatsa ko rijiyar burtsatse, kamar yadda a ke turo wa Kano daga Challawa da Tamburawa, ɗaukewar wuta kuwa ba baƙon abu ba ne. Ko tunkuyi ɗaya bai fasa bututu ba, maimaici yana gajiyar da ƙarfe da roba, yana kwance mahaɗai.

Mai, da gas, da tururi

Man fetur da ɗanyen mai sun ɗan fi ruwa rashin nauyi, amma tunkuyinsu bai yi nisa da nasa ba, ga shi kuma suna kama wuta. Ran 10 ga Yuni 1999, a Bellingham cikin jihar Washington ta Amurka, wani bawul ya rufe a gaban bututun fetur mai faɗin inci 16. Bawul ɗin da ya kamata ya saki matsin bai yi aikinsa ba, kwamfutar masu lura kuwa ta daskare. Bututun ya fashe a wurin da masu haƙa su ka taɓa ji masa rauni shekarun baya. Fetur wajen galan 237,000 ya malala cikin rafi ya kama wuta, yara biyu da saurayi ɗaya su ka rasu. Darasin shi ne, tunkuyi ya kan nemi wuri mafi rauni a jikin bututu.

Sha'anin gas dabam ne. Ƙa'idar Zhukovsky tana aiki a kansa, amma ƙarfin tunkuyi yana bin nauyin abin da gudun sauti a cikinsa. Iska ta fi ruwa rashin nauyi fiye da sau 800, sauti kuma mita 343 kawai ya ke yi cikinta. Tsai da iska mai tafiyar mita ɗaya cikin sakan ba ya haifar da fiye da matsin ruwa mai zurfin santimita 4, watau wajen kashi ɗaya cikin 3,000 na tunkuyin ruwa. A manyan bututun gas, inda a ke matse shi ƙwarai har ya yi nauyi, tunkuyin ya fi haka, amma duk da haka ƙanƙane ne in an gwada shi da matsin da bututun ke ɗauke da shi kullum.

Haɗarin yana inda ruwa da gas su ka gamu cikin bututu ɗaya. Tururi ya kan yi gudun mita 30 cikin sakan, fiye da kilomita 100 a awa. In ya huce a hanya wani sashensa ya kan koma ruwa ya kwanta a ƙasan bututu. In ruwan ya taru har ya toshe hanya, tururi ya kan ɗauke shi ya jefa kamar harsashi, ya maka shi a gwiwar bututu ko a bawul. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Lita ɗaya ta ruwa tana ba da tururi wajen lita 1,700 a matsin iskar waje. In ruwa mai ɗan sanyi ya kewaye kumfar tururi, tururin ya kan koma ruwa nan take, wurin da ya cika ya zama wofi, ruwan gefe da gefe ya ruga ya yi karo. Irin wannan ne ya fasa bututun tururi a ƙarƙashin titi kusa da tashar Grand Central a New York ran 18 ga Yuli 2007. An binne bututun tun 1924. An yi ruwan sama mai yawa a ranar, ruwa ya kewaye bututun ya sanyaya shi, na'urorin da ke zubar da ruwan da ya taru a ciki kuwa sun toshe. Titi ya tsage, mace ɗaya ta rasu, mutane da dama su ka ji rauni.

Iskar da ta maƙale cikin bututun ruwa ita ma abar lura ce, balle a garuruwan da ruwa ya ke zuwa yana ɗaukewa. In ruwa ya ɗauke iska ta kan cika bututu. In ya dawo, iskar da ya ke korowa ta kan fita ta bakin famfo a guje saboda rashin nauyinta, ruwan da ke bayanta ya biyo ta da irin gudunta. Da isarsa ƙaramar kafa sai ya ci birki, ya yi tunkuyi. Tari da atishawar da famfo ke yi in ruwa ya dawo alamar wannan ce.

Hanyoyin tsaro

Hanya ta fari ba ta cin kuɗi, ita ce sannu, wadda Hausawa su ka ce ba ta hana zuwa. A rufe bawul cikin lokacin da ya ninka kai da komowar taguwa sau da yawa. A lura kuma, manyan bawul ba su rage ruwa sosai sai a ƙarshen murɗawa, saboda haka murɗin ƙarshe shi ya fi bukatar haƙuri. 'Yan kwana-kwana a ko'ina a kan koya musu wannan tun farkon horo. Haka nan bututun da ya bushe, a cika shi sannu, a bar iska ta fita. Bututun tururi mai sanyi a zubar da ruwan cikinsa, a ɗumama shi a hankali kafin a buɗe masa tururi sosai.

Ta biyu tun wajen tsarawa ta ke. Tun da tunkuyi yana bin saurin ruwa, bututu mai faɗi ya fi aminci. In a ka ninka faɗin bututu sau biyu, ruwa ɗaya zai wuce da rubu'in saurinsa na da, tunkuyi ma ya koma kusan rubu'i.

Ta uku ita ce a ba ruwa wurin gudu. A tashoshin lantarki masu dogon bututu a kan gina wata hasumiya buɗaɗɗiya kusa da injuna. In an rufe ruwa sai ya hau cikinta, in an buɗe ya sauko. Ta zama kamar an matso da tanki kusa, kai da komowar taguwa ta gajarta. A gidajen ruwa a kan sa tukunyar ƙarfe rufaffiya, rabinta ruwa rabinta iska matsattsiya. In matsi ya hau iskar ta matsu ta karɓi ruwa, in ya faɗi ta turo ruwa ta cike gurbin. Ƙaramar irinta a kan ɗaura a bayan injin wanki. Tsofaffin gidaje kan sami ɗan guntun bututu a tsaye mai iska a ciki, sai dai iskar ta kan narke cikin ruwa a kwana a tashi, ƙarar ta dawo, har sai an tsiyaye bututun gidan an sake cika shi.

Akwai kuma bawul mai sakin matsi in ya wuce iyaka, da bawul ɗin iska da a ke sawa a kan tudu, wanda ke shigar da iska in matsi ya faɗi ya kuma fitar da ita sannu. A kan ɗaura wa injin tura ruwa wata ƙafa mai nauyi, don in wuta ta ɗauke ya ci gaba da juyawa yana ragewa kaɗan kaɗan. Na'urorin lantarki masu tayar da inji da tsai da shi a hankali suna da amfani, amma ba su da abin yi in wutar ce ta ɗauke. Yau injiniyoyi da kwamfuta su ke lissafin tunkuyi kafin a binne bututu, amma harsashin lissafin shi ne na Zhukovsky da Allievi. Dukan na'urorin nan kuwa ba su tsare kome in ba a duba su, kamar yadda Bellingham da New York su ka nuna.

Inda tunkuyi ya ke da amfani

A 1796 Joseph Montgolfier na Faransa, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da su ka ƙago balan-balan mai tashi da mutane, ya ƙera injin ɗaga ruwa wanda ba ya shan mai, tunkuyi kaɗai ke tafiyar da shi. Ruwan rafi ya gangaro ta bututu yana zuba ta wani bawul. In gudunsa ya ƙaru sai ya rufe bawul ɗin da kansa. Tunkuyin ya buɗe bawul na biyu ya tura ɗan ruwa cikin tukunyar iska, daga nan ya hau tudu. Matsi ya faɗi, bawul na fari ya sake buɗewa, a koma farko, dare da rana. Sai dai ba ya ba da abin da bai karɓa ba. In gangaren mita 2 ne, a ke son ɗaga ruwa mita 20, ko da ba hasara ko kaɗan ba zai ɗaga fiye da kashi ɗaya cikin goma na ruwan da ya shige shi ba, sauran ya koma rafi. Har yanzu ana amfani da shi a ƙauyukan da ke da rafi mai gangara.

Gwaje-gwaje domin aji

Malami yana iya nuna galibin abubuwan nan da kaya masu araha. Na ɗaya, a jera ɗalibai goma, kowa ya dafa kafaɗun na gabansa, su yi tafiya, na gaba ya tsaya ba sanarwa. Za a ga turereniyar ta bi jerin baya baya. Na biyu, a ɗauki sirinji marar allura, a cika shi da iska, a toshe bakin da yatsa a danna, sa'an nan a sake da ruwa. Bambancin matsuwar iska da ta ruwa zai bayyana a hannu. In a ka sa ruwa mai ɗumi kaɗan, a ka toshe, a ka ja da ƙarfi, za a ga kumfa na tashi, watau tafasa ba wuta. Na uku, a huda ƙaramar kafa kusa da ƙarshen dogon tiyo mai ruwa na gudu, a toshe bakin farat ɗaya, tsirin ruwan da ke fita ta kafar zai yi tsalle sa'an nan ya daidaita. In a ka toshe sannu tsallen ba zai bayyana ba. Na huɗu, malami da kansa ya tafasa ruwa kaɗan cikin gwangwani marar kauri, ya sauke shi daga wuta, ya rufe bakin sosai, ya kwara masa ruwan sanyi. Gwangwanin zai lotsa kamar bututun Oigawa.

Bayan haka a ba ɗalibai lissafi daga garinsu. Su nemi nisan da ke tsakanin gidan ruwa da babban tanki, da irin bututun, da saurin ruwan cikinsa. Da waɗannan abubuwa uku za su fitar da ƙarfin tunkuyi da lokacin kai da komowar taguwa, su kuma faɗi sakan nawa ya kamata mai kula da bawul ya ɗauka kafin ya gama rufe shi.